Layar Inna a Ƙarƙashin Kuloci

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka ba ta kama sunana. "Ke waccan" take ce mini, in ranta ya yi fari ta ce "yarinyar nan", har na yi aure, har na haifi uku. Sau ɗaya tak ta kira ni da sunan da aka raɗa mini, a bakin wani rafi tsakanin Rogo da Karaye, tana kwance a bayan mota, ƙafarta ta kumbura kamar turmi. Ranar nake so in rubuta. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, hannuna ba shi da sauri, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Zamanin Turawa ne, da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Maigidana direba ne. A soja ya koyi tuƙi lokacin babban yaƙi, da ya dawo sai wani attajiri mai sayen gyaɗa a Karaye ya danƙa masa tsohuwar kitika, irin motar da yanzu ake ce wa a-kori-kura. Ta tsufa tun kafin ta zo hannunmu. Daɓen gabanta katako ne, zafin inji yana hudowa ta tsakanin katakan, sai Malam, haka nake kiran maigidana, ya ninka buhu biyu ya shimfiɗa a wurin ƙafafunsa. Batirinta ya mutu tun da damina, sai an zura handul a hancinta an murza da hannu take tashi. A ƙasan sitiyari akwai abin takawa uku da suka ɓullo ta ramukan katako: totur, birki, sai na hagu, kuloci.

Inna tana zaune a Ruwan Bago, kuma ta tsani mota. Cewa take abin da ba ya cin ciyawa amma yana gudu, ba da alheri yake gudun ba. Tun da aka ba ta labarin wata babbar mota da ta kife da mutane a hanyar Zariya ta daina samun natsuwa. Ga surukuta a tsakaninta da Malam: ba ta kallon idonsa, ba ya zama inda take, in ya zo gaisuwa daga bakin zaure yake durƙusawa, ita kuma ta amsa daga cikin ɗaki kamar mai magana da bango. Ba yadda za ta yi ta ce masa ya yi hankali. Sai ta sayar da tunkiya ta je aka yi mata laya.

Satin nan Malam yana kwasar gyaɗa a ƙauyukan Rogo, na bi shi don in kwana biyu a gida. Da ya tafi masallaci Inna ta jawo ni bayan rumbu ta ciro ta daga cikin zaninta. Laya ce babba, an ɗinke ta da jar fata, ta kai dunƙulen hannu, a cikinta akwai wani abu mai tauri, ina jin ƙahon rago ne.

Ta ce, "Inda ƙafarsa ke takawa za ki sa. Kada ya gani, kada ya ji. Mai maganin ya ce ranar da ya sani, ranar ta karye."

Na ce, "Inna, mutumin nan ya ce ya ga masu laya har wuya sun faɗi a wurin yaƙi. In ya gani ni zai ci wa mutunci."

"Shi ya sa na ce kada ya gani. Rantse."

Na rantse. Na ɗauki abin ƙaramin abu ne, tsohuwa ce take son ta yi barci.

Ni ba wawiya ba ce, na sha zama kusa da shi yana tuƙi. Na lura a cikin ukun nan na hagu ya fi takawa, don duk canjin giya sau biyu yake danna shi. Sai na ce to nan ne ƙafarsa take. Na ɗaga buhu, na ɗaure igiyar layar a jikin ƙarfen kuloci don kada ta ɓace, na tura ta gefe can wajen ƙofa, na mayar da buhu na daddale. Kwana huɗu yana tuƙi a haka, bai ji komai ba.

Rana ta biyar da hantsi Inna tana tattara harawar gyaɗa a gonar bayan gida, kububuwa ta sare ta a idon sawu. Kafin in iso an ɗaure mata ƙafa da igiya a ƙasan gwiwa, wanzami ya tsattsaga wurin, an ɗura mata jiƙo. Malam ya zo ya tsaya daga nesa yadda ya saba, ya dubi ƙafar, ya dubi macijin da aka kashe, ya ce mini a hankali, "Wannan ba na jiƙo ba ne. Kano za mu, akwai allura a asibiti. In muka tashi yanzu, kafin azahar mun shiga."

Dattawa suka fara ja, wai ba a ɗaga wanda maciji ya sara daga garin da aka sare shi. Na ce musu uwata ce, wanda ya fi ni haƙƙi a kanta ya matso. Ba wanda ya matso. Aka sauke buhunan gyaɗa, aka shimfiɗa tabarma da tsumma a bayan mota. Da aka zo ɗaukarta Malam ya sa hannu, Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, cikin wannan azaba, don kada surukinta ya ga bakinta a buɗe.

Mun wuce Rogo lafiya. Ina baya, kanta a cinyata, ina kare mata rana da faifai. Sai muka iso rafin. Ba gada, gangara ce mai tsayi, a ratsa ruwa, a hau wata gangarar. Da muka wuce shi satin da ya gabata ruwan iya ƙauri ne, amma an yi ruwan ƙarshen damina a sama, ya ƙaru. Motar ta dunguri ƙasa da hancinta har muka zame gaba, ta shiga ruwa, na ji Malam yana cewa ya shigo masa har idon sawu. Muka fita. A gindin hawan, cikin yashi, ya zo zai mayar da ita giya ta ɗaya. Sai na ji ƙarrrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Ya sake, ƙarrrr. Motar ta yi tari biyu ta mutu.

Ya diro, ya sa ta a firi, wato ba giya, ya murza handul, ta tashi. Ya koma ya taka kuloci, ya tura sandar giya. Ƙarrrr. Ya gwada ta biyu, ya gwada ta baya. Duk ɗaya.

Na leƙo na ce, "Malam, mene ne?"

"Yi mini shiru in ji."

Ya kashe inji. Ya tura sandar, ta shiga ɗaya sumul, ta shiga biyu, ta shiga uku, ba ko ƙis. Malam yana da wata ɗabi'a da ya zo da ita daga soja, in yana neman ciwon mota da ƙarfi yake magana, kamar yana ba wani babba rahoto. Ya ce, "Inji a kashe, tana shiga. To akwatin giya lafiyarsa lau, haƙori bai karye ba. Inji a tashe, ta ƙi. To kuloci ne bai raba ba." Daga baya na gane maganar. Kuloci shi ke raba inji da ƙafafun mota na ɗan lokaci, don giya ta sami shiga. In bai raba ba, kamar a ce maka ka zura hannu a turmi ana cikin daka ne.

Na ce, "To ka sa ta a giyar tun tana kashe, sannan ka tayar."

"Da handul? Ina tsaye a gabanta? So kike ta bi ta kaina ku zama biyu babu direba?"

Turin motar ma ba ya yiwuwa. Gaba hawa, baya ruwa, ƙasa yashi, mu biyu.

Ya ce watakila ruwa ne ya shiga farantin kuloci, bari a bar inji ya yi zafi ya busar. Ya murza handul ya tayar, muka bari. Inji yana ta kaɗawa, rana tana ta hawa. Na duba ƙafar Inna, kumburin ya haye igiyar ya kama gwiwa. Tsagar da wanzami ya yi ba ta daina zuba ba, jinin kuma ba ya daskarewa, tsararo ne kamar ruwan zoɓo. Ta yi tofi a gefen tabarma, na ga ja. Na sa gefen zanina na goge kafin ta gani.

Ya sake gwadawa. Ƙarrrr.

Ya kashe inji, ya ɗauko sifana ya shige ƙarƙashin mota, yashi jiƙe, ya kwanta rigingine. Ya kwance wani noti ya taro man akwatin giya a tafin hannunsa, ya fito da shi rana. "Baƙi ne. Da ruwa ya shiga da ya yi fari kamar kindirmo. Ba nan ba ne." Ya koma. Ina jin sa yana lissafa wa kansa: sandar da ta taho daga kuloci tana nan, kusarta ba ta faɗi ba, ba abin da ya lanƙwashe. Ya ce zai ƙara wa sandar tsawo. Notin ya yi tsatsa, ya juya sau biyu ya ƙi, sifana ta kuɓuce ta ɓare masa yatsu. Na ji ya yi wata ashar da ban taɓa ji a bakinsa ba, nan take kuma ya yi istigfari da ƙarfi, don ya tuna wadda ke kwance a samansa.

Wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono ta gangaro da ƙwaryarta. Ta tsaya ta dube mu.

"Sannunku. Jakin ƙarfen ne ya ƙi?"

Malam ya ce daga ƙasa, "Shi ne, Goggo."

"Nawa in ya ƙi, sanda ɗaya ce. Naku ba shi da kunnen da za a murɗa?"

Ta leƙo bayan mota tana dariya, ta ga ƙafar, dariyar ta tsaya. Ta sauke ƙwarya ta hau ba tare da an ce ta hau ba, ta karɓi faifan daga hannuna. Inna tana jin Fillanci ta wajen uwarta, sai suka shiga yi ƙasa-ƙasa. Ni kaɗan nake tsinta. Na tsinci "yara", na tsinci "tunkiya", na tsinci sunan ƙanena. Wasiyya take bari, kuma ta zaɓi harshen da ba zan gane duka ba.

Malam ya fito, yashi har cikin gemunsa, ya tsaya yana kallon motar. Ya ce, "Ni abin nan ya ɗaure mini kai. Da safe lafiyarta lau. Ko wani ya taɓa motar nan ne?"

A nan ne zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da ya faɗi haka, na tuna. Layar ta zo mini a rai, sarai, da jar fatarta. Sai na ce wa kaina, me ya haɗa laya da ƙarfe? Ai gefe na tura ta. Kwana huɗu ba ta yi komai ba. Ga rantsuwa na yi. Ga Inna a kwance, in ta ji na tona, baƙin cikin kaɗai ya isa ya ƙarasa ta. Ga kuma tsoron idon da Malam zai dube ni da shi, kada in ɓoye wannan, yana ciki. Na ce, "Wa zai taɓa?"

Ban yi masa ƙarya da baki ba, tambaya na mayar masa. Amma ƙarya ce, kuma ta ci mana daga rana tsaka har inuwa ta karkata.

A cikin lokacin nan ya buɗe wani ɗan murfi a ƙasa ya zura yatsa, ya zuba fetur ya wanke, ya tayar, ya gwada, ya kashe. Ya murza handul har tafinsa ya yi bororo ya fashe. Ba mota ko ɗaya da ta biyo hanyar. Wani mai jakuna ya wuce, na tsayar da shi, Goggo ta ce in aka ɗora ta a jaki ba za ta kai Karaye ba. Dasashin Inna ya fara zubar da jini sosai, har wata tsohuwar shasshawa da ke kumatunta, wadda ta warke tun kafin a haife ni, ta fara tsattsafowa. Na kira ta, ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Ke waccan, kin cika surutu."

Malam ya yi alwala a rafi ya yi azahar a gurguje. Da ya sallame ya zo ya tsaya kusa da ni, bai dubi bayan motar ba. Ya ce, "Saura abu ɗaya. In sauke akwatin giya in ga farantin da idona. Ni kaɗai, da sifana uku, sai magariba."

Na ce, "Ba ta da magariba."

"Na sani."

Ban taɓa ganin mutumin nan ya rasa abin yi da hannunsa ba sai ranar. Ya shafa fuska, ya bar mata baƙin mai. Can ya ce, "Zo. Kafin in kwance, hau ki taka mini na hagun, in ga tafiyar sandar daga ƙasa. Ki danna har ƙasa, da ƙarfinki duka."

Ban taɓa zama a kujerarsa ba. Na tattare zani na hau, ba takalmi a ƙafata. Buhun ya jiƙe sharkaf. Na riƙe sitiyari na danna.

Ya ce daga ƙasa, "Taka mana!"

"Na taka."

"Ba ki taka ba. Ko rabi sandar ba ta yi ba. Tuwo kika ci ko iska? Har ƙasa na ce!"

"Wallahi ya tsaya, ya ƙi wucewa."

"Ki ji ƙarfe ya bugi katako, ƙwas. Kin ji?"

Ban ji ba. Abin da na ji, ƙarfen ya sauka a kan wani abu mai ɗan laushi a sama, mai tauri a ciki. Shi da takalminsa na soja mai kaurin tafi, cikin gaggawa da fargaba, bai bambance ba. Ni da tafin ƙafata na sani tun kafin in duba. Na zura babban yatsana ƙarƙashin buhu na taɓo ɗinkin.

Na yaye buhun. Ga ta nan. Dungurin da muka yi a gangara ya zamo da ita gaba, igiyar da na ɗaure da hannuna ta hana ta wucewa ko'ina sai gindin ƙarfen, ruwa ya jiƙa fatar ta kumbura, dannawar Malam kuma ta cusa ta cikin ramin katako ta zauna daram kamar an auna.

Na ce, "Malam, fito. Ba ni wuƙarka."

Ya fito ya leƙo. Ya dubi layar, ya dube ni. Ina jin ya karanta duka a fuskata. Ya zaro wuƙa ya miƙo mini ta wajen ƙota.

Tsakanin gaba da baya taga ce ba gilashi. Ban san yadda Inna ta ji ba, mutumin da ko ido ba ya iya buɗewa. Sai ga muryarta: "Kada ki yanke."

"Inna, ita ta tokare motar."

"Ita ta riƙe mu ba mu kife a ruwa ba. Kin rantse."

"Na rantse. Zan yi azumin kaffara."

"In kika yanke ban yafe ba."

Na sa wuƙa. Igiyar fata ce, ta jiƙe, tana santsi, sai da na yi ta gurzawa. A nan ne ta kira sunana. Cikakkensa, da ƙarfi, a gaban surukinta, a gaban baƙuwa, kamar yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Hannuna ya tsaya. Shekara talatin ina jiran in ji yadda zai fito a bakinta. Sannan na ƙarasa yankewa, na sa tsinin wuƙar na ɓanɓaro layar daga ramin.

Na danna kuloci. Ƙwas.

Malam ya murza handul da hannun nan mai jini, ya hau, ya taka, ya tura sanda. Ta shiga ba ko ƙis. Goggo ta diro da ƙwaryarta tana cewa mu je, mu je, Allah ya sa a dace. Ko sunan rugarsu ban tambaya ba. Layar na cusa ta cikin tafin Inna, ta damƙe, ta juya mini ƙeya.

Mun ratsa Karaye ta ƙofar gidanmu ba mu tsaya ba, na hango 'ya'yana a wajen maƙwabciya suna ɗaga hannu. Duk canjin giya ina jin ƙwas ɗin nan sau biyu ta cikin katako, ina sa hannu a hancin Inna in ji ko da sauran numfashi. Bayan la'asar muka shiga asibiti.

An yi mata allurar, an ƙara mata jini. Jinin ya tsaya a kwana na biyu. Ƙafar ce ta yi baƙi daga inda aka ɗaure zuwa ƙasa, ta fara wari, a kwana na huɗu suka yanke ta a ƙasan gwiwa. Na tare wata ma'aikaciyar jinya a baranda na tambaye ta, da mun iso da azahar, da ƙafar ta tsira? Ta ce igiyar ta daɗe a ɗaure, ita dai abin da ta sani ke nan. Na ce ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Ta ce, "Baiwar Allah, uwarki tana da rai," ta wuce da tirenta.

Malam bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, ko cikin faɗa. Buhunan dai ya kwashe ya zubar. Har motar ta mutu a kan katako tsirara yake tuƙi, zafin inji yana gasa masa ƙafa, in na ce ya shimfiɗa wani abu sai ya ce ya fi son ya riƙa ganin ƙasa.

Inna ta dawo wurina a Karaye, ta yi shekaru tana dogara sanda tana mulkin tsakar gidana. Duk wanda ya zo dubiya sai ta gaya masa da ba a cire layar ba, da da ƙafarta biyu za ta sauka a Kano. Ni kuma in ce da ba a sa ta ba, da ba mu yini a rafi ba. Ta ce wa ya ce in ɗaure a ƙarfe, ita inda ƙafarsa ke takawa ta ce.

Na yi azumin kaffarar. Amma maganar nan ta "ban yafe ba" ta zauna mini a ƙirji. Wata rana da hantsi ina shafa mata man kaɗanya a dungulmin, na ce, "Inna, maganar bakin rafi, har yanzu tana nan?"

Ta ce, "Rantsuwar na yafe tun a Kano. Ƙafar ce ban gama shawara ba. Ke waccan, shafa ta nan gefen, nan ne yake ƙaiƙayi."